Facin Baban Fauziyya

Asabar, 21 ga Yuni, 2025, Rogo

Yau na buɗe kwamfutarsa. Tun ranar da Bappa, ƙanen mahaifinsa, ya ɗauko mu daga Karaye ni da 'yarmu Fauziyya, ya kawo mu gidan nan in yi takaba kusa da mahaifiyarsa Inna Hajo, jakar take jingine a bayan ƙofa ban taɓa ta ba. Ƙanshin turarensa na nan a maɗaurinta. Sai da na zauna na huta kafin in iya jan zif ɗin.

Abin da nake nema yana nan inda ya bar shi: facin. Ni ce sanadinsa. Kullum na dawo daga makaranta sai na yi ta mita a kan kwamfutocin da aka ba ɗalibanmu 'yan mata. Da an rufe murfi don a adana caji, aka sake buɗewa, shi ke nan kibod ya mutu. Allo ya haska, amma ko harafi ɗaya ba ya shiga, sai an kashe gaba ɗaya, aikin yarinya ya bi ruwa. Ya ce in daina cika masa kunne, zai duba. Yana dawowa daga sakatariya sai ya zauna a kai, wata da watanni, har ya gano daga kanel ne, wato can cikin cikin manhajar, inda take magana da ƙarfen kwamfutar. Ya rubuta gyaransa, wato facin, ya gwada a kan guda ɗaya, ta yi. Ya ce bayan Babbar Sallah zai aika wa masu rarraba tsarin da muke amfani da shi, in sun karɓa duk kwamfuta irin wannan ta warke, ko a ina take. Bai kai Sallah ba.

Ni zan aika a madadinsa. So nake ya shiga, kuma da sunansa.

Talata, 24 ga Yuni

Duk gidan nan babu inda waya take kama sabis sai gindin rumbu. Can na kai tabarma da hantsi. Inna ta zo wucewa da ƙwaryar nono, ta tsaya ta ce me nake ta dannawa tun ɗazu. Na ce faci ne da ya bari bai gama ba.

Ta ce, “Faci? Wannan yaron faci ya koma yi? Ashe ba aikin gwamnati yake ba?”

Wallahi sai da na yi dariya, ta farko tun rasuwar. Ta zaci facin tayar mota ne. Na ce mata kamar ɗinkin ƙwarya ne, in ta tsage ba a yar da ita. Ta gyaɗa kai ta ce to a ɗinke da kyau, ta wuce.

“Wannan yaron.” Shi ne ɗanta na fari, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Ni ma haka. Malam nake cewa, da Fauziyya ta zo ya zama Babanta. Ko a wayata Baban Fauziyya ne. Mu biyu muna zaune a tsakar gida ɗaya muna kewar mutum ɗaya, babu mai iya kiransa.

Na aika kafin azahar.

Juma'a, 27 ga Yuni

Sun amsa. Tabɗi. Ni da na zaci za su ce an gode.

Wai ba sa karɓar facin kanel daga hannun mutum haka kawai. Sai ya fara shiga wurin masu tushe, su da kanel ɗin yake hannunsu tun asali, sannan su masu rarrabawa su ɗauko daga can. Kafin nan ma in buɗe rahoton matsala a shafinsu, in faɗi irin kwamfutar da yadda za a sa abin ya faru. Bayan ya shiga can kuma in dawo da bayanin wa abin ya shafa, yaya aka gwada, me zai iya ɓaci. Sai mutum biyu cikinsu sun duba sun amince. In ya wuce lokacin da suke rufe karɓa, ya jira zagaye na gaba.

Ko neman aure ba a yi wa mutum wannan jeka-ka-dawo. Da yana nan da ya ce, “Naja, ai gara haka, in ba haka ba kowane mahaukaci sai ya zuba shara a ciki.” Na ji muryarsa sarai. Na buɗe rahoton.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na zauna na karanta facin layi-layi. Dabararsa ita ce: in kwamfuta ta farka, a ɗan dakata, kada a taɓa kibod, sannan a tashe shi. Wurin da ake ajiye tsawon dakatawar ya sa masa suna hakuri, babu lanƙwasa don kanel ba ya son ƙ ɗinmu. A samansa ya bar bayani da Hausa: a yi mata haƙuri, yanzu ta tashi daga barci.

Da ni yake. Na sani da ni yake. Ba na magana da safe sai na sha shayi, kullum haka yake ce wa Fauziyya in ta zo tana jan zanena.

Na rufe na shiga ɗaki.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na aika wa masu tushe. Na yi sallama yadda ya kamata, na gaishe su da aiki, na tambayi iyali, na yi musu fatan alheri, sannan na shiga bayani. Wurin sunan marubuci ya bar wani guntun laƙabi da yake amfani da shi a intanet, na ga bai dace ba. Na goge na sa Baban Fauziyya.

Laraba, 9 ga Yuli

Wani ya amsa. Ban san ƙasarsa ba, ban san ko tsoho ne ko yaro ba. Layi biyu ya rubuto, ko sannu babu. Na sa masa Mai Layi Biyu.

Na farko, wai in cire gaisuwar nan, duk abin da na rubuta a saman faci yana shiga tarihin kanel ne har abada. Ashe da sun karɓa, da “yaya gida, yaya yara” na nan a ciki har jikokinmu su gani. Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Mutum ya shigo maka gida babu sallama, kuma wai kai ne mai laifi.

Na biyu, ya ce Baban Fauziyya sunan marubucin ne na gaskiya? Suna buƙatar cikakken suna, da sa hannunsa cewa shi ya rubuta kuma ya yarda a ɗauka.

Sa hannunsa. Ina zan samo?

Alhamis, 10 ga Yuli

Na gaya masa gaskiya: mijina ne, ya rasu a watan Mayu, bai kai ga sa hannu ba.

Wannan karon layinsa ya fi biyu. Ya ce ya yi baƙin ciki da jin haka, ya ce in ɗauki lokacina. Amma ba zan iya sa hannu a madadinsa ba, ba a yi wa wani. Ni zan sa nawa, in ɗauki nauyin facin, shi kuma in rubuta cikakken sunansa a cikin bayani, cewa shi ya gano matsalar ya fara gyaran.

Na daɗe yatsuna a kan kibod. Haruffa ne fa kawai, na san su, kullum ina ganinsu a katin aikinsa. Na kasa. Daga ƙarshe na buɗe wani tsohon saƙonsa na kwafo sunan na liƙa, idona a kan kajin Inna. Ba ni na rubuta ba, kwamfuta ce.

Litinin, 14 ga Yuli

An yi ruwa tun safe. Kewarsa nake, shi ke nan abin da zan rubuta.

Juma'a, 18 ga Yuli

Munawwara ta zo daga Karaye a kan acaɓa, duk taɓo ya ɓata mata gefen zane. Tare muke koyar da kwamfuta, ita ta riƙe azuzuwana tun da na shiga takaba. Mai Layi Biyu ya ce sai an gwada a kan kwamfuta fiye da ɗaya, ni kuma ba fita nake ba, shi ya sa ta roƙi shugabar makaranta ta ba ta guda biyu ta kawo min.

Inna ta cika ta da fura har tana neman hanyar gudu. Sannan muka zauna gindin rumbu muka ɗora facin. Ta farko: rufe, buɗe, kibod ya yi. Na ce alhamdu lillahi. Ta biyu: rufe, buɗe, ya yi. Rufe, buɗe, shiru. Muka sake, wani lokaci ya tashi, wani lokaci ya ƙi.

Munawwara ta ce ƙila kwamfutar ce mai taurin kai. Don ta faranta min ne, na sani. Na ƙara tsawon hakuri ɗin, ta ɗan fi, amma ba ta daina ba. Zuciyata ta ce kada in faɗa musu, wa zai sani? Amma da Baban Fauziyya ne ba zai ɓoye ba. Na rubuta musu yadda aka yi. Munawwara ta bar min kwamfutocin tunda hutu ya kusa.

Litinin, 28 ga Yuli

Mai Layi Biyu ya dawo halinsa. Wai jira ba gyara ba ne. Dakatawar tana rufe matsalar ne kawai, shi ya sa wata rana ta yi wata rana ta ƙi. In nemo ainihin abin da yake hana kibod tashi, in cire dakatawar gaba ɗaya. Bayanin da ke samanta ma ya tafi, ba mai iya karanta shi a cikinsu.

Tun watan Mayu duk wanda ya shigo gidan nan abu ɗaya yake ce min: Naja'atu, sai haƙuri. Yau na samu mutum ɗaya a duniya da ya ce in cire shi, kuma shi ne nake jin kamar in shaƙe.

Ba zan cire ba. In na cire wannan me ya rage nasa? Su riƙe kanel ɗinsu.

Talata, 5 ga Agusta

Ban amsa wa Mai Layi Biyu ba. Na taya Inna tsince wake. Fauziyya ta iya cewa “nagge”, wato saniya da Fulatanci, Bappa sai washe baki yake, wai jini ba ya ɓuya.

Da la'asar na buɗe facin don kawai in kalli layin nan na Hausa. Kullum sai na yi haka, ban taɓa rubutawa a nan ba ne.

Alhamis, 14 ga Agusta

Munawwara ta kira. Shugaba ta ce in aka dawo hutu kwamfutocin ba su gyaru ba, za a kwashe su a zuba a sito, ta gaji da kukan yara. A koma koyar da kwamfuta a kan allo da alli, kamar yadda aka koya mana. Na ce ai sai a ɗora facinsa a kan kowacce da hannu. Ta ce, “Naja, wanda yake yi yau gobe ya ƙi? Kuma duk sabuntawar da ta zo ta share shi, mu sake daga farko?”

Ta ce ba ta ce in manta da shi ba. Ta ce, “Don wa ya yi aikin nan tun farko?”

Na ce cajina zai ƙare, na kashe. Cajina a cike yake.

Asabar, 23 ga Agusta

Kwana da kwanaki ina kan abin nan, daga an gama karin kumallo har rana ta kore ni daga gindin rumbu. Na sa kanel ya riƙa rubuta duk abin da ke faruwa lokacin farkawa, na bi a hankali, yadda ya koya min lokacin da nake cewa ni wannan ya fi ƙarfina. Yau na gani. Ɗan guntun da ke kula da kibod ba jinkiri yake ba, rikicewa yake in an tashi, sai an sake saita shi daga farko. Kuma ashe akwai jerin kwamfutoci masu irin wannan hali a cikin kanel tun tuni. Abin da ake buƙata kawai a ƙara sunan tamu a jerin.

'Yan layuka. Na cire nasa duka, na sa su. Rufe, buɗe, ya yi. Na yi ta yi a kan duka biyun har hannuna ya gaji, ko sau ɗaya bai ƙi ba. Nan take yake tashi, babu jira.

Na zaci zan yi murna. Kuka na yi, mai sauti, har Inna ta fito da muciya a hannu ta zaci kunama ce. Na ce mata ya yi ne. Ta dube ni, ta dubi kwamfutar, ta ce to Allah ya sa alheri, ta koma kan tuwonta.

Wata nawa ya yi yana wahala, yana dab da wurin. Da an ba shi ko mako biyu da shi zai gani, na tabbata. Haushi nake ji na riga shi.

Talata, 2 ga Satumba

Na aika. Babu gaisuwa, sai da na danne zuciyata. Babu layinsa ko ɗaya a ciki. Na ajiye nasa a wani wuri daban, ba wanda zai taɓa min shi.

Alhamis, 11 ga Satumba

Mai Layi Biyu: ya karɓa, ya gode. Yau layi ɗaya ma ya yi.

Na buɗe shafin na gani da idona. Marubuciya, ni. A ƙasa, cikin bayani, cewa shi ya gano matsalar kuma aikinsa ne ya nuna hanya. Ba haka na so ba. Na so a ce nasa ne, ni 'yar aike ce kawai.

Juma'a, 19 ga Satumba

Facin ya shiga babban tushe, na samu lambar da suka ba shi, na koma wurin masu rarrabawa tun kafin su rufe karɓa. Wa abin ya shafa, na rubuta. Yaya aka gwada, na rubuta, na sa sunan Munawwara a masu gwaji, ta ce yanzu ita ma ta shiga duniya. Wurin “me zai iya ɓaci” ne ya tsayar da ni. Na so in ce babu. Na rubuta cewa iri ɗaya kawai na gwada, in akwai wata mai suna iri ɗaya da kayan ciki daban, ban san yadda za ta yi ba.

An koma makaranta. Shugaba ta ce za ta jira zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan ba ruwanta.

Alhamis, 25 ga Satumba

Mutum biyu sun amince. Zai fito a sabuntawar wata mai zuwa.

Na gaya wa Inna ɗinkin ya kamu. Ta goge hannu a zane ta zauna kusa da ni a tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in nuna mata inda wannan yaron ya ɗinka. Ƙarya ba ta fito ba, gaskiyar ma ta ƙi fitowa. Na ce mata zaren nawa ne, amma shi ya nuna inda ta tsage, kuma sun rubuta haka, ga shi nan.

Ba ta karatun boko. Ta ce, “Ina ne?”

Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kan allon, daidai kan sunan, ta bar shi a nan. Ta ce duk inda irin injin nan yake, wannan na ciki? Na ce yana cikin tarihinsa, ba mai goge shi. Ta ce har Makka? Na ce har can.

Ba ta ce in karanta mata ba, na gode wa Allah. Da ta tashi akwai shatin yatsanta na man shanu a kan gilashin. Na bar shi har yamma.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na fita takaba. An yi addu'a, an yi sadaka. Bappa ya ce gidan nan gidana ne, in zauna in na so, in koma aiki in na so. Inna kuwa ta ɗaure min man shanu da daddawa a leda tun kafin in faɗi abin da na yanke.

Talata, 21 ga Oktoba, Karaye

Ɗakinmu ya yi min girma. Na mayar da teburinsa jikin taga, wai don haske.

Sabuntawar ta fito. Bayan an tashi yara muka tsaya ni da Munawwara muka jera kwamfutocin a kan bencina, ta haɗa su da intanet ɗin wayarta, suka sauke. Ita tana rufewa, ni ina bi ina buɗewa ina gwada kibod. Na lura ma lasifikar wasu ba ta yi in an cire abin kunne. Na rubuta a takarda, zan duba ranar Asabar, ina jin na san inda zan fara.

Gwajin kibod sai an buga wani abu. Ana son kalma mai taɓa layin sama da na tsakiya da na ƙasa, don a tabbatar duka suna yi. Ban tsaya zaɓe ba, sunansa ne ya zo hannuna. Nuruddeen. Yana da harafi a kowane layi, shi ya sa.

Duka sun yi. Munawwara ta leƙo ta kafaɗata ta ga allon, ta ɗauke kai ta shiga naɗe waya. Can ta ce in na gama mu tafi, la'asar ta yi. Na ce ta ba ni minti ɗaya, akwai guda biyu da nake so in sake gwadawa.